Maharazu Mai Rediyo da Kwamfutar da Ke Ɓata wa Dattawa Lokaci

Da ya dawo daga sallar asuba, abin da Malam Maharazu ke fara yi shi ne ya yayyafa ruwa a ƙofar rumfarsa da ke bakin titi a Kura, ya share, ya fito da benci. Sai ya jona ƙarfen narka dalma, ya zauna yana kurɓar koko yana jira ya yi zafi. Kafin rana ta ɗaga motocin tumatir sun fara wucewa, masu kawo gyara kuma sun fara isowa. Ga mai rediyo a hammata, ga wanda wayarsa ta faɗa kanal, ga mai kwamfuta ɗaure a bayan babur da igiyar roba. Duk wanda ya zo sai ya zauna a bencin nan, domin Maharazu ba ya kwance kaya sai ya ji labarinsu. Yaushe abin ya fara, me kake yi a lokacin, wa ya taɓa shi kafin kai. Mai gaggawa yakan ƙosa. Ni ma na sha ƙosawa, don akwai ranar da na kai masa rediyo ya yi mini tambayoyin da ko alƙali sai haka.

Sunan Mai Rediyo ya same shi tun yana saurayi, lokacin da ruwan kanal ya fara shigowa gonakinmu. Daga rediyo ya koma kaset, daga kaset ya koma talabijin, ya zo ya koyi kwamfuta da furfura a gemunsa, sunan dai bai canza ba. Yanzu ido ya gaji. Likita ya ce ya huta da duban ƙananan wayoyi, shi kuma ya ce bayan Babbar Sallah zai bar wa ɗan ƙanensa rumfar. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni malamin gona ne, ba maroƙi ba, kuma waɗanda suka san ni sun san yabo ba ya saurin fita daga bakina. Limamin unguwarsu zai ba ku labarin lasifikar masallaci, ungozoman asibitin sha-ka-tafi za su ba ku na firjin allurai. Ni abu ɗaya zan faɗa, wanda aka yi a gabana a noman ranin shekarar dubu biyu da takwas.

Manoman da ke shan ruwa daga reshen kanal ɗinmu, tsakanin Kura da Bunkure, suna da ƙungiya da ɗan ofis mai ɗaki guda. Bayan an sha rigima a kan ruwa, har da fasa kai, ƙungiya ta kafa doka: duk wanda ya yi sabon dashe yana son ruwan ƙari, sai ya zo ofis da safe ya karɓi takarda, ya kai wa mai gadin ƙofar ruwa kafin ya wuce ƙofofin nesa. In ka same shi, ka sha ruwa. In ya wuce, sai zagaye na gaba, kuma dashen tumatir ba ya jiran zagaye. Wata ƙungiyar agaji ta ba ofishin sabuwar kwamfuta fil, wadda za ta duba gonakin kowa ta fitar da lokacinsa, don kada a ce wani ya yi son kai.

Mai aiki da kwamfutar ita ce Jemima. 'Yar mutanen Filato ce, Kirista, ta zo nan da mijinta mai gyaran injin ban-ruwa, suna da 'ya ɗaya, Tabitha, a firamare. Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu da aka kai birni karatu, ladabinta kuwa ba a magana. An ɗauke ta ne don ita kaɗai ta iya na'urar a cikin waɗanda suka nema.

Ba a daɗe ba kwamfuta ta fara wani hali. Wani lokaci Jemima na danna umarni, kafin ka gyara hula takarda ta fito. Wani lokaci kuma sai ta yi nauyi, ta tsaya cak kamar jakin da ya ga gada, ba ta mutu ba, ba ta kuma tafiya. A jira, a jira, can sai ta farka ta tofo takardar. Da farko dariya ake yi. Dariyar ta ƙare ne ranar da wani ya lura cewa ba kowa take yi wa haka ba. Samari masu zuwa a kan babur, nan da nan. Matan da suke coci ɗaya da Jemima, nan da nan. Amma dattijo ya shigo, mai rawani ko mai carbi a hannu, sai nauyi ya tashi. Na so in ce ƙarya ne, sai na zauna na ƙirga da idona, na ga zancen yana da ƙamshin gaskiya.

Wanda abin ya fi ci shi ne Baffa Gidaɗo, Bafulatanin da ya daɗe da kafa gida a can ƙarshen kanal, yana kiwo yana noma. Gonarsa ce ta fi kowacce nisa, don haka shi ya fi kowa buƙatar fita da wuri. Ya zo, takarda ta makara, mai gadi ya wuce. Ya sake zuwa, haka. Dashensa ya kwanta a kunya ya ƙone, ni na je na gani. Gidaɗo ba mai hayaniya ba ne. Zuwa ya yi wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Dattijo, ya shigar da ƙara cikin sanyin murya, ya ce yarinyar nan da gangan take yi.

Alhaji Dattijo ya yi abin da ya dace, ya aika a kira Mai Rediyo. Maharazu ya zo ya zauna gaban na'urar, ya bincika ko bairos ne ya shige ta, bai sami komai ba. Ya buɗe cikinta ya hure ƙura, ya duba fanka. Ya yi ta danne-danne yana tura linzami, abin nan da yara ke kira maus, ya buga takarda bayan takarda, duk suna fita kamar ruwa. Ya ce lafiyarta ƙalau. Bayan tafiyarsa abin ya dawo. Aka sake kiransa, wannan karon ya canza mata ma'ajiyar tunani da wata da ya zo da ita, ya gwada ta a wutar gari, ya gwada ta a janareta. Ya lura agogon da ke jikin allonta yana baya, ya sa mata sabon ɗan batir. Ya sake buga takardu, suka fita. Ya sake cewa bai ga ciwo ba, kuma gaskiyarsa ya faɗa.

Maganar nan tasa ita ta zama igiyar da aka ɗaure Jemima da ita. In gwani ya ce na'ura lafiya lau, to saura wa? Alhaji Dattijo ya sa ranar taron 'yan ƙungiya, kowa kuma ya san abin da za a yanke. Da korar aiki ce kawai da da sauƙi. Zancen ya bar ofis ya shiga majalisun shayi, ya canza kaya, ya zama wai an turo ta ne ta wulaƙanta dattawan Musulmi, ta kashe musu noma. Duk wanda ya zauna a jihar nan a shekarun nan ya san yadda irin wannan magana take ƙarewa in ba a tare ta ba. Aka daina amsa gaisuwarta a hanya. Mai kurar ruwa ya daina tsayawa a ƙofarta. Wata rana da yamma aka yi wa rufin gidanta ruwan duwatsu, ba a ga kowa ba. Washegari ta saka Tabitha a mota ta tura ta wurin kakarta. Ni kaina tsoro ya kama ni, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A cikin wannan hali ta je rumfar Maharazu. Ina wurin, na kai tocila. Ba ta zauna a benci ba, durƙusawa ta yi a gefe.

"Baba, ban zo in ce ka yi ƙarya ba. Abin da ka gani ka faɗa. Amma ni ma abin da na sani nake faɗa, wallahi ba ni ba ce."

Ya tambaye ta ko akwai wani abin da ta lura da shi, komai ƙanƙantarsa. Ta ce agogon dai har yanzu yana baya duk da sabon batir, sai dai da safe in ta kunna yakan zo daidai, da yamma ne yake zama a baya. Na ga fuskar Maharazu ta canza. Ya ce mata ta tafi, gobe yana tafe. Bayan ta wuce ya ce mini in batir ne, da safe ne agogo zai ɓace, ba da yamma ba. Wannan kuwa tana kunne take zubar da lokaci, ke nan akwai ciwo a ciki, shi ne bai gan shi ba. Tocilata dai ba a gyara ta ran nan ba.

Kai Maharazu, a nan ne na fara ganin girmanka. Sau biyu ka yanke hukunci a gaban jama'a, kuma ba wanda ya tuhume ka. Da ka yi zamanka a rumfa da sunanka bai taɓu ba. Kai ne ka rufe rumfa a tsakiyar kakar tumatir, ka tafi neman kuskuren kanka.

Da ya zo ofis bai zauna gaban kwamfuta ba. Tabarma ya shimfiɗa a lungu, ya naɗe hannu, ya ce kowa ya yi harkarsa. Mutane na shiga suna harararsa, wasu na cewa tsohon ya zo gadin 'yarsa. Haka ya wuni yana kallo, ya dawo washegari ya sake. Abin da ya gani, duk mun gani sau ɗari, ba mu dai kalle shi ba. In saurayi ya shigo, Jemima takan danna umarni, ta amsa gaisuwarsa da baki tana zaune, hannunta na kan linzami tana wasa da shi ba tare da ta sani ba. Takarda ta fito. In dattijo ya shigo, takan danna umarni, ta saki komai ta miƙe, ta russuna, ta haɗa hannu. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya shanu, yaya ruwa ya kwana. In an gama ta zauna, hannu a cinya, don kunya ba za ta bar ta ta riƙa taɓe-taɓe a gaban babba ba, ga shi kuma masu koyar da ita sun ja mata kunne kada ta taɓa na'ura tana cikin aiki. Sai a zauna ana kallon allo, ita zufa, dattijo fushi.

Da aka fita sallar azahar ofis ya yi shiru, Maharazu ya ce ta ba shi kujera. Ya danna umarni ya ɗauke hannu. Kwamfuta ta tsaya. Ya ɗan tura linzami da yatsa ɗaya, sai ga firinta ta yi kuka. Ya maimaita har ya gamsu. Sannan ya gane dalilin da ya sa ba ta taɓa yi masa nauyi ba: shi mai gyara ne, hannunsa ba ya zama.

Ganin ciwo daban, sanin sunansa daban. Maharazu ba ya jin kunyar tambaya. Ya buga wa tsohon abokinsa Caleb waya, wani mai haɗa kwamfutoci a Kano, ya kwashe labari ya faɗa masa. Caleb ya ce ya taɓa jin irin haka a sababbin na'urori, ya zo su duba tare. Maharazu ya hau mota ya tafi, suka shiga shagon intanet suka karanta abin da masu irin wannan matsala a wasu ƙasashe suka rubuta. Da ya dawo ya yi mini bayani yadda kan malamin gona zai ɗauka. Ya ce a cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan agogo da ke buga wa ƙwaƙwalwarta ƙararrawa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, yana ce mata tashi, duba aikin da ke jira. Da wannan bugun babbar manhajar da ke tafiyar da ita take raba aiki, da shi take ƙirga lokaci, kamar yadda 'yan gayya ke bin ganga da fartanya. Sababbin na'urori kuma an koya musu tsimin wuta, da sun sami sarari ko na ƙiftawar ido sai su yi gyangyaɗi. A irin tamu, in gyangyaɗin ya yi nisa, mai gangar ma barci yake yi. Babu mai tashe ta sai in wani abu daga waje ya taɓa ta, ko linzami ko maɓalli. Bugun da ya ɓace kuma ya ɓace, shi ya sa agogonta ke zama a baya. Maganin, in ji shi, ɗan ƙanƙani ne, a shiga saitin da ke fitowa kafin manhaja ta tashi a hana ta barci mai nauyi.

Na ce alhamdu lillahi, tashi mu je ka gyara. Ya ce a'a.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Jemima ma da ta ji, roƙonsa ta shiga yi. Ta ce ya gyara kawai kowa ya huta, ita ta riga ta fara ɗaure kaya, taron ma ba ta son halarta.

"In na gyara a ɓoye, na'ura ta warke, ke ba ki warke ba," in ji shi. "Cewa za a yi kin ji tsoro kin daina. Bakina ne ya ɗaure ki a gaban mutane, a gabansu zan kwance ki."

Raina ya ɓaci, na ce masa dashen mutane fa, shi ma sai ya jira taro? Ya ce ba wanda zai makara. Daga ran nan har ranar taro, kullum da safe yana gefen teburin Jemima a kan kujerar roba, yatsansa a kan linzami yana ɗan motsa shi. Takardun kowa suka riƙa fita a kan kari. Abin da na ji tsoro kuwa shi ya faru. Aka ce kun gani, da aka sa mata ido ai ta shiga taitayinta. Zargin ya ƙara ƙarfi, shi ma aka fara haɗawa da shi. Ya ji duk, bai ce uffan ba, ya hana mu ma mu yi magana. Ya ce bayani da baki ba zai shiga kunnen mai fushi ba, gani ya kori ji.

Ranar taro ofis ya cika har waje, ana leƙe ta taga. Akwai fuskokin da ban san su da gona a reshenmu ba, kuma ban ji daɗin ganinsu ba. Mijin Jemima yana bakin ƙofa a tsaye, babur ɗinsa a juye yana fuskantar titi. Alhaji Dattijo ya buɗe da addu'a, ya maimaita ƙarar Gidaɗo, ya tuna wa jama'a cewa gwani ya duba sau biyu bai ga komai ba. Maharazu ya nemi izini ya miƙe. Ya ce shi ne gwanin, kuma ya yi kuskure. Na'urar tana da ciwo, yanzu zai nuna musu. Ya ce Jemima ta danna umarni ta ɗauke hannu, za su ga ta tsaya.

Ta danna, ta ɗauke hannu. Takarda ta fito sumul.

Ɗakin ya ɗauki guna-guni, Maharazu ya dubi Jemima. Ya ce a sake. Ta sake, ta ɗauke hannu har ta ɓoye shi a baya. Takarda ta sake fitowa. Wani daga taga ya ce an gama wasan yara, a yanke hukunci. Wani ya ce tsoho ya sayar da furfurarsa. Na dubi Jemima, idonta a rufe, leɓenta na motsi. Na dubi Maharazu, zufa na bin gemunsa. Alhaji Dattijo ya gyara murya zai yi magana. Ni dai ƙofa nake aunawa, ina lissafin yadda za a fitar da matar nan in abu ya ɓaci.

Maharazu bai dubi kowa ba, allo yake kallo. Can ya ɗaga hannu ya roƙi shugaba ya ba shi dama ɗaya tak. 'Yar kibiyar da ke kan allo tana karkarwa, alhali ba wanda ya riƙe linzami. Teburin ofis ɗinmu ƙafarsa ɗaya gajera ce, ga mutane sun jingina da shi ta kowane gefe, ana turereniya. Su da kansu suke tashin na'urar ba su sani ba. Ya ce kowa ya ja da baya. Aka ƙi, aka ce wata dabara ce. Sai Gidaɗo ya miƙe ya shimfiɗa sandarsa tsakanin tebur da jama'a, ya ce ƙararsa ce, yana son ya gani da kyau. Aka ja baya.

Maharazu ya ɗauke linzamin daga tebur ya ajiye shi a dakalin taga, inda ba ya motsi. Ya ce a shigar da gonar Baffa Gidaɗo. Jemima ta shigar, ta danna, ta miƙe ta koma jikin bango. Muka zuba ido. Firinta shiru. Agogon bango na tafiya, na jikin allo ya tsaya. Shirun ya yi tsawo har na fara jin kukan injin ban-ruwa daga can gonaki. Ba wanda yake kusa da na'urar, kowa na gani.

"Baffa, ka sa hannunka ka ɗan tura abin nan," in ji Maharazu.

Gidaɗo ya matso, ya dubi linzamin kamar mai duban kunama, ya tura shi da yatsa. Nan take firinta ta kama aiki, takardarsa ta fito. Ya ce a sake. Aka sake, ya tsaya ya ƙi taɓawa, ya bar ta ta daɗe fiye da na farko, yana kallon hannun Jemima da na Maharazu. Sannan ya taɓa, ta fito. Ya sa aka yi da gonar wani, ya sa Alhaji Dattijo ya taɓa da kansa. Daga nan ya juyo ya yi tambayar da ta rage. Ya ce ya yarda ƙarfe na da ciwo, amma me ya sa ciwon ya san tsoho da yaro?

"Ciwon bai san kowa ba, Baffa. In yaro ya shigo tana zaune, hannunta na kai. In kai ka shigo, saki take yi ta tashi ta gaishe ka."

Gidaɗo ya tsaya riƙe da takardar, yana kallon ƙasa. Duk dattijon da ke wurin ya tuna yadda take russuna masa, na ga wasu sun sunkuyar da kai. Da Gidaɗo ya buɗe baki, ba Jemima ya fuskanta ba, taga ya fuskanta, inda baƙin fuskokin suke.

"Ni na kawo ƙara, ni na janye ta. Yarinyar nan girmama ni ta yi, na saka mata da zargi. Daga yau wanda ya jefi gidanta, gidana ya jefa."

Sai a lokacin Maharazu ya zauna a kujera. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya shiga wani shuɗin allo, ya canza abu ɗaya, ya fita. Gyaran da aka kusa tashin gari a kansa bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ya sa aka gwada ba hannun kowa a kai, takarda ta fito. Ya gargaɗi shugaba cewa yanzu za ta ɗan ƙara zafi ta ɗan ƙara shan wuta, a riƙa buɗe taga, a kuma sa wa teburin nan dutse a ƙafa don Allah. Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi bayan mota ta kusa faɗuwa.

Ba zan ƙawata ƙarshen ba. Dashen Gidaɗo bai dawo ba, ya yi asarar kakarsa. Masu jifa ba su taɓa bayyana kansu ba, kuma da yawa cikin masu zafin baki ba su ba da haƙuri ba, gaisuwa kawai suka ci gaba da amsawa kamar ba a yi komai ba. Wannan har yau yana ci mini rai. Amma Jemima ta kwance kayanta. Gidaɗo ya aiko da matarsa Asta ta wuni a gidanta ƙofa a buɗe, don unguwa ta gani. Da aka dawo daga hutu, Tabitha ta koma ajinsu.

Malam Maharazu, mai kunnen sauraro, mai haƙurin zaman tabarma. Kai ne ka miƙe a gaban taro ka ce na yi kuskure, kalmar da manya da yawa za su mutu ba su furta ba. Kai ne ka ɗauki zagi na kwanaki alhali maganin na hannunka, don ka san abin da ya lalace ya wuce na'ura. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya sa hutun nan ya zama mai albarka. Ku kuma masu tasowa, masu gyara da masu shugabanci da mu masu saurin yanke hukunci a majalisa, ku koyi zama ku kalla kafin ku taɓa. Abin da ke zuwa yana tafiya ba ya nuna kansa ga mai gaggawa, kuma in ba a same shi ba, mutum ake kamawa a madadinsa.

Kafin in rufe rubutun nan na bi ta ofis na gaya wa Jemima abin da nake yi, na tambaye ta ko tana da saƙo. Na zaci za ta yi zancen ranar taro. Ta share ido da bakin gyale, ta ce ranar taro ai kowa ya yarda da ita, tun da sun gani.

"Malam, ka rubuta cewa Baba ya yarda da ni tun ranar da ba shi da hujja ko ɗaya."

Na rubuta.